« Hawan jini » da « ciwon ƙoda »: abin da kalma take faɗi da abin da bincike ya nuna

1. Gabatarwa

Cikin wannan takarda za mu gwada kalmomin hausa biyu da sakamakon binciken likitanci. Ra'ayinmu shi ne, ginin kalmomin yana sa maras lafiya ya jira alama, alhali cutar ba ta nuna kanta sai ta yi nisa.

2. Abin da bincike ya tabbatar

Kowace ƙoda tana da ƴan matatai kimanin miliyan ɗaya. In ƙarfin jini ya daɗe a sama, ƙananan jijiyoyinsu suna taurarewa, tacewa ta ragu. Ƙodar da ta raunana kuma tana riƙe gishiri da ruwa, sai jinin ya ƙara hawa. Ke nan kowanne yana iya zama sanadin ɗan'uwansa.

A 1898 Tigerstedt da Bergman suka gano sinadarin renin cikin ƙoda. A 1934 Goldblatt ya matse jijiyar da ke kai jini ga ƙodar karnuka, jininsu ya hau ya zauna a sama. A 2010 an gano cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado APOL1, masu yawa a yammacin Afirka, suna ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Binciken da aka yi a Gana da Najeriya, aka buga a 2024, ya ƙarfafa wannan.

3. Abin da kalmomin suke faɗi

(1) Jinina ya hau.
(2) Ina da hawan jini.

« Hawa » sunan aiki ne na motsi: abin da ya hau ana sa ran ya sauka. Jimla ta (1) tana nuna aukuwa, wadda ake dangantawa da ɓacin rai ko tunani. Jimla ta (2) ce ta dace da nufin likita, wato hali mai ɗorewa. Wanda ya tsaya ga ma'anar (1) yakan bar magani da zarar ciwon kai ya lafa.

« Ciwo » kuma ya haɗa ma'ana biyu, zafin jiki da cuta. Amma ƙoda tana iya rasa babban kashi na aikinta ba tare da zafi ba. Faransanci yana ƙara rikitar da lamarin, domin « avoir mal aux reins » ciwon ƙugu yake nufi. Tafintan da ya ce « ciwon ƙoda » a nan ya ɓatar da likita da maras lafiya gaba ɗaya.

Akwai kuma batun lissafi. Iyakar da muke kira 14/9 a Nijar, da santimita, ita ce 140/90 da milimita a Najeriya. Mutumin Maraɗi da aka auna a Katsina yana bukatar a bayyana masa cewa awon ɗaya ne.

4. Shawara

Ga masu fassara saƙonnin kiwon lafiya, muna ba da shawarar « hawan jini mai ɗorewa » da « raunin ƙoda ». A haɗa su da bayanin cewa awo ne ke gano su: awon jini don sinadarin kireyatinin, da awon fitsari don furotin. Saura a gwada kalmomin nan wurin masu magana a Damagaram, Maraɗi da Tawa, a ga yadda kowane kari yake karɓar su.