Yadda Ake Zaɓen Lasifikar Mota da Akwatinta

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a 'Yargoje ranar kasuwa zai ji wata mota tun kafin ya gan ta. Ga direban haya da ya taso daga Ƙanƙara ya saki karatu ko kiɗa. Ga mai tallar magani ya ɗaura lasifika a kan rufin mota. Ga kuma masu shelar allurar rigakafi suna zagaya ƙauyuka. Haka abin yake a Sheme da Faskari da Sabuwa.

To, amma da yawa daga cikinsu asara suke yi. Mutum zai tafi Funtuwa ko Sabon Garin Kano ya sayo babbar lasifika da kuɗin guminsa. Kafin wata ya zagayo ta fara kukan gwangwani, ko batir ya mutu, ko waya ta ƙone. Sau da yawa ba laifin kayan ba ne. An sayi abin da bai dace da aikin ba ne, ko an haɗa shi ba daidai ba.

Me ke cikin lasifika?

Abu uku ne: mayen ƙarfe a baya, da siririyar waya da aka nannaɗe, da wata takarda mai kauri mai siffar mazurari. Idan wuta ta bi ta cikin wayar, sai takardar ta riƙa motsi gaba da baya da sauri, tana tura iska. Wannan motsin iskar shi ne sautin da kunne ke ji. Wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka fito da wannan tsari a 1925, kuma shi ake bi har yau.

Kowace da aikinta

Mai shela da mai talla murya suke so ta kai nesa. Su lasifikar ƙarfe mai baki kamar kakaki ta dace da su, irin wadda ake ɗaurawa a masallaci. Ba ta cin wuta sosai, kuma tana jure rana da ruwa. Amma ba ta da daɗin kiɗa.

Direban da ke son jin labarai da karatu, ƙananan lasifikun ƙofa sun ishe shi. Yawanci faɗinsu inci shida da rabi ne. Rediyon mota kaɗai yana iya tuƙa su.

Sai kuma babbar, wadda samari ke kira wufa. Faɗinta inci 8 ne, ko 10, ko 12. Aikinta ɗaya ne tak: fitar da amo mai kauri, irin na ganga da tambari. Ba ta fitar da magana. Mai tallar da ya sayi wufa don mutanen ƙarshen kasuwa su ji shi, ya zubar da kuɗinsa. Kuma wufa ba ta aiki sai da na'urar ƙara ƙarfin sauti, watau amfilifaya.

Lambar da ke jikin kwali

A nan ne ake yi wa mutane wayo. Za a ga an rubuta wat 2000 ko 3000 da manyan lambobi, kusa da su kuma haruffan PMPO ko MAX. Wannan lamba ta talla ce. Ƙarfin da lasifika ke iya ɗauka na ƙiftawar ido ke nan, in ma gaskiya aka faɗa. Lambar da za a nema ita ce mai haruffan RMS, galibi an rubuta ta ƙanana a gefe ko a bayan mayen ƙarfen. Ita ke nuna ƙarfin da za ta ɗauka wuni guda ba ta ƙone ba. Wanda ya iya karanta waɗannan haruffa uku, mai shago ba zai ruɗe shi ba. Sai a nemi amfilifaya mai RMS kusa da na lasifikar.

Akwai wata lamba kuma da ake kira om. Lasifikun mota yawanci om 4 ne, na gida kuwa sau da yawa om 8. Idan aka ɗaura lasifika biyu masu om 4 a kan waya ɗaya, baki da baki, sai su koma om 2. Rediyon zai yi zafi, yana ma iya ƙonewa. Wannan kuskure ya yi yawa a tashoshin mota.

Akwati shi ne rabin aikin

Mai kiɗan goge ya san cewa tsirkiya kaɗai ba ta da amo sai an ɗaura ta a kan ƙwarya. Haka wufa take da akwatinta. Idan aka ajiye ta tsirara a but, iskar da ta tura gaba sai ta zagayo ta cike gurbin da ta bari a baya. Amon ya mutu ke nan. Akwati shi ke raba iskar gaba da ta baya.

Akwati iri biyu ne aka fi sani. Na farko rufaffe ne ruf, babu inda iska ke fita. Iskar da ke ciki tana riƙe takardar kamar matashi, sautin ya fito tsaf. Wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ne ya yaɗa wannan dabara a 1954. Na biyu yana da rami ko bututu. Ya fi ƙara, amma ya fi girma, kuma sai an auna faɗin bututun da tsawonsa daidai. In aka yi da ka, sai buu-buu kawai a ji. Ga kafintan ƙauye, rufaffen ya fi sauƙi kuma ya fi wuyar ɓaci.

Yaya girmansa zai kasance? A auna da jarkar ruwa mai lita 25. Wufa mai inci 10 tana son cikin akwatinta ya kai kusan jarka ɗaya. Mai inci 12 tana son kamar jarka ɗaya da rabi. Idan akwai takarda a cikin kwalin, abin da ta faɗa shi za a bi, domin kowane kamfani da awonsa.

Katakon ya zama mai kauri, kamar kashi uku cikin huɗu na inci. Falankin silin da kwali ba za su yi ba, don rawa za su riƙa yi tare da kiɗan. A sa gam a kowace mahaɗa kafin a ɗaure, a toshe har ramin da waya ta bi. Daga nan sai a danna takardar a hankali. In ta dawo sannu a hankali, akwatin ya rufu. A ƙarshe a ɗaure shi da jikin mota. Akwatin da ke yawo a but, ranar da aka taka birki da ƙarfi shi ma abin jifa ne.

Batir da waya

Fitilar gaba ɗaya ta mota wat 55 take ci. Amfilifaya mai wat 300, idan aka ƙure shi, ya fi fitilu biyar jan wuta. Shi ya sa wanda ya kashe inji ya bar kiɗa na tashi a tasha yakan ƙare da neman masu turi. Sai a sa waya mai kauri daga batir, a kuma sa fis kusa da batir ɗin, kada nisan ya wuce kamu ɗaya. Wasu masu wayarin, idan fis ya ƙone, sai su maye shi da guntun waya. Mota takan kama da wuta ta wannan hanya.

Kunne ba shi da sifiya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Ta ce babba na iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. Idan ƙarar ta kai 90, awa 4 kacal ne a mako. Direba kuwa wuni yake a mota, lasifika na kusa da kunnensa. Ga gwaji mai sauƙi: in sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, to ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ban da wannan, direban da kiɗa ya cika wa kunne ba ya jin hon na baya, ba ya jin taya ta fara kuka, ba ya jin mai kiransa ya tsaya. A kan hanyoyin wannan yanki, abu ne da kowane direba ya san muhimmancinsa. Tun 2009 ma Nijeriya ke da dokar taƙaita ƙara.

Wanda zai sayi ta hannu kuwa, ya duba bakin takardar. In na soso ne, zafi da ƙura kan ruɓar da shi, na roba ya fi ƙarko. Ya danna tsakiyar a hankali da yatsu. In ya ji tana karce, wayar ciki ta ƙone. Sannan ya ɗauki batirin tocila guda, ya taɓa wayoyin biyu a kansa. Lafiyayyar lasifika za ta yi ƙas, takardar ta motsa.