Rubutun Tonon Asiri a Amurka da Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa rubutun tonon asiri, watau wanda ake yi don fallasa ɓarna da neman gyara, yakan ɗauki kamannin al'ummar da ta haife shi.

A Amurka, masana'antu ne suka haifar da shi. A 1904 Ida Tarbell ta fitar da littafinta a kan kamfanin mai na Standard Oil, ta bayyana yadda yake murƙushe ƙananan 'yan kasuwa. A 1911 kotun ƙoli ta rarraba kamfanin. Haka nan Upton Sinclair ya shiga mahautan Shikago, ya ga ƙazantar wurin da wahalar leburori, ya rubuta The Jungle a 1906. A shekarar aka kafa dokar duba nama.

A ƙasar Hausa kuwa, tushen abin ya girmi masana'anta. Tun a Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Da Turawa suka zo, kukan talaka bai sake ba. Manomin ƙasar Gaya da makiyayin Ajingi ba injin ne ya dame su ba, haraji ne da jangali da aikin tilas, da dagaci da hakimi da alƙalin En'e. Saboda haka can alƙalami ya dosa.

Hanyar isar da saƙo ma ta bambanta. Ko da yake Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, masu karatun boko a karkara kaɗan ne, don haka waƙa ta ɗauki nauyin da mujalla ta ɗauka a Amurka. Sa'adu Zungur, a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya gargaɗi sarakuna su gyara tun kafin dare ya yi musu. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, irin waɗannan waƙoƙi suka bazu a kasuwannin ƙauye, ana haddacewa ana rerawa, wasu kuma suka sha ɗauri saboda bin wannan ra'ayi.

Sakamakon bai zo da wuri ba. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, shekara 21 bayan rasuwar Sa'adu Zungur. Ya kamata masu nazari su riƙa karanta waɗannan waƙoƙi a matsayin shaidar tarihi, ba don karinsu da amsa-amonsu kaɗai ba.