Waƙar da Ta Yi Tashe: Wa Ke Auna Ta?

A shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya zaunar da jama'a a gida, "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa. Matan aure suka riƙa taka rawa a gaban mazajensu, ana ɗauka ana ɗorawa a intanet. Waƙa ba ta san shingen kwastan ba: abin da ya yi tashe a Kano yau, gobe yana cikin wayoyin samarin Magariya, Dungas da Dantchiao a Nijar, ta hannun masu tura waƙa a kasuwa. Malamai sun yi tir, amma akasarin sukar ta faɗa ne kan rawar da tallata sirrin gida.

A 2022 Ado Gwanja ya saki "Warr" da "Chass", 'yan TikTok suka yi musu ca. Hukumar NBC ta Nijeriya ta hana gidajen rediyo da talabijin sanya "Warr", wasu lauyoyi kuma suka kai ƙara kotun shari'ar Musulunci a Kano. A 2025 Hisbar Kano ta haramta "Amanata" ta Breaker. Wato a wurinmu hukuma ce ke fara yi wa waƙa hukunci. Da wuya ka ji wanda ya zauna ya auna kiɗan, da zubin baitoci, da azancin mawaƙin.

A wasu ƙasashen akan yi gardama kan fasahar kanta. A 2019 mujallar Billboard ta Amurka ta cire "Old Town Road" ta Lil Nas X daga jerin waƙoƙin kantiri, wai ba ta cika sharuɗɗan wannan salon ba. Mawaƙin ya sake mata zubi, wato rimis, tare da Billy Ray Cyrus, tsohon hannu a kiɗan kantiri, waƙar ta yi mako 19 tana ta ɗaya a babban jerin waƙoƙin mujallar. Haka rimis ya taimaki "Jerusalema" ta Master KG na Afirka ta Kudu: wasu matasan Angola suka ƙirƙiro mata rawa, aka yi rimis da Burna Boy a 2020, ta ƙara samun kasuwa. Amfanin rimis ke nan: a tsawaita ran waƙa, a jawo masoyan baƙon mawaƙi.

Tsare tarbiyya wajibi ne, amma hani kaɗai yakan zame wa waƙa talla. Kafin uba ko malami ya yanke hukunci, ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe, kada ya tsaya kan guntun da 'yan rawa suka yanko. Ya raba laifin mawaƙi da na mai rawa, da na DJ da ya ƙara wa kiɗan gudu a gidan biki. Gidajen rediyonmu na karkara kuma su ware fili, a gayyato masana waƙa su faɗi inda baiti ya yi armashi da inda ya zarce gona da iri. Matashin da aka koya wa auna waƙa zai iya tace ta da kansa, ko ba ɗan Hisba a kusa.