Sa'o'in Bin Likita a Amurka da Amanar Rubuta Su

A Najeriya, yaro kan gama sakandare ya rubuta jarrabawar JAMB, in Allah Ya ba shi sa'a ya shiga karatun likita na shekara shida. A Amurka kuwa sai ɗalibi ya kammala digirin farko, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi gurbi. Daga cikin abin da makarantu da dama ke son gani har da shaidar cewa ya taɓa bin likita a bakin aiki: ya tsaya gefe, ba ya duba kowa, ba ya rubuta magani, yana kallon yadda ake karɓar majinyaci da yadda ake sanar da shi labari mai nauyi. 'Ya'yanmu da ƙannenmu mazauna can suna cikin masu wannan bi.

Mafi yawan makarantun suna karɓar takardun nema ta tsarin AMCAS, wanda ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka, AAMC, ke gudanarwa. A nan ɗalibi ke jera ayyukan da ya yi, iyakarsu 15, kowanne da bayanin da bai wuce haruffa 700 ba, da lokacin farawa da gamawa, da jimillar sa'o'i, da sunan mutumin da za a iya tuntuɓa ya tabbatar. Ba a neman ya haɗa takarda mai hatimi. Lambar da ya rubuta ita za a karanta, sannan ya shaida cewa duk abin da ya cike gaskiya ne.

A nan zuciya ke fara raɗa. Sa'a 28 ta koma 40 don ta yi kyan gani. Ko a nemi kawu likita ya yarda a sa sunansa a kan kwanakin da ba a je ba, kuma sau da yawa mu iyaye ne ke ɗaga wayar, da sunan zumunci. Mukan manta cewa kawun nan shaida muka mai da shi. A hadisin Abu Bakra da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Kuma gurbin da aka samu da ƙarin sa'o'i, akwai wani ɗan mutane da ya rasa shi.

Abin sha'awa, rubuta halarta ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Malaman hadisi a Dimashƙa da Alƙahira sun kasance idan an kammala karatun littafi, sai a rubuta a gefensa ko ƙarshensa sunan malami, da mai karatu, da waɗanda suka saurara, da wuri da kwanan wata. Wanda wani sashe ya kuɓuce masa, a rubuta cewa ya kuɓuce masa. Ba su ɗauki wannan tozarci ga ɗalibi ba. Haka a shekarar 931, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu da ya jarraba likitocin Bagadaza kafin a bar su su yi aiki, bayan kuskuren wani likita ya yi sanadin rai.

Dabarar ba ta da wuya. Ɗalibi ya riƙe littafi ɗaya, ya rubuta a ranar da ya je: kwanan wata, sunan likita, sashe, lokacin shiga da na fita, da abin da ya koya. Mu a ganinmu, ya cire lokacin da ya fita cin abinci ko Sallar Juma'a. Kada sunan majinyaci ko wata alamar gane shi ta shiga littafin. Dokar HIPAA ta 1996 tana kare sirrinsa, Musulunci ma ya riga ta hana tonon asiri. Kafin ya bar asibitin, ya roƙi likitan ya duba jimillar, ya ba shi 'yar wasiƙa ko saƙon imel, domin bayan shekara biyu likitan da ɗalibai da yawa suka bi ba lalle ya tuna fuskarsa ba.

Ranar ganawa da malaman makaranta, ana iya ce masa ya ba da labarin abin da ya gani a sashen yara, inda ya rubuta cewa ya yi sa'a 40.