Masu Ƙaho Iri Biyu A Wasan Dungeons & Dragons

Ranar wata Asabar da ta gabata wani dattijo daga cikin iyayenmu na nan Bronx ya tare ni a ƙofar zauren matasa, riƙe da wani littafi mai kauri da ya tsinta a jakar ɗansa. Ya buɗe wani shafi, sai ga hoton wata halitta ja mai ƙaho da fukafukai irin na jemage. Ya ce da ni, "Ɗana, kai ne shugabansu. Wannan abin kuke koya masu a nan?" Na ce, "Baba, a yi mani haƙuri zuwa mako mai zuwa, zan kawo bayani." To, ga bayanin, na kuma ga ya dace sauran iyaye su ma su ji.

Littafin na wasan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Zama ake yi a kewaye tebur, mutum ɗaya na jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda. Idan jarumi zai yi wani abu mai wuya sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta nuna ko ya yi nasara. Tatsuniya kuwa ba ta yiwuwa sai da dodo, shi ya sa tun 1977 suke buga littafi na musamman mai suna Monster Manual, wanda ba komai a cikinsa sai dodanni.

A cikin dodannin akwai iri biyu da ke rikita hatta masu wasan. Ɗaya ana kiransa dimon, ɗayan debil. Mu da Hausa duk shaiɗan za mu ce mu wuce, Baturen kan titi ma bai bambanta su ba. Amma a dokar wasan, tsakaninsu akwai gabar da ta fi ta kare da kura.

Dimon ɗan hargitsi ne. Gidansa wani rami ne da ake kira Abyss, mai hawa-hawa ba iyaka, kuma ramin da kansa ke haifar su kamar yadda juji ke haifar tsutsa. Ba su da sarki ɗaya, mai ƙarfi ke taka marar ƙarfi har ranar da wani zai taka shi. Manyansu su ne irin su Orcus mai tayar da gawawwaki, da Demogorgon mai kai biyu, wanda shirin Stranger Things ya ari sunansa a 2016. Burin dimon ya rusa, ya ƙone, ya cinye. Ba a ciniki da shi, kamar yadda ba a ciniki da gobara.

Debil kuwa shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma shi ya fi daɗin wasa. Mugu ne amma mai bin doka. Mazauninsa hawa tara ne, daga Avernus a sama zuwa Nessus a can ƙasa inda sarkinsu Asmodeus ke zaune, tsarin da aka kwaikwayo daga rubutun Dante, mawaƙin Italiya na ƙarni na 14. Suna da muƙamai kamar na soja, daga lemure, wani dunƙulen nama marar hankali, har zuwa manyan janar-janar, kuma ana ƙarin girma ana ragewa. Da me ake samun ƙarin girman? Da rayukan mutane. Debil ba zai fasa maka ƙofa ba, sallama zai yi, ya zauna, ya tambayi damuwarka, sa'annan ya fito da takarda. Yana cika duk abin da ya rubuta, harafi da harafi. Halakar tana cikin ƙananan rubutun da ba ka karanta ba. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar katin bashi a ƙasar nan, ya ga kuɗin ruwa na ninkawa a kansa, ba ya buƙatar dogon bayani.

Waɗannan biyun suna yaƙi da juna, yaƙin da littattafan ke kira Yaƙin Jini, wanda ba shi da ranar ƙarewa. Dimon sun fi yawa, debil sun fi tsari, ga kuma wasu 'yan haya da ake kira yugoloth masu yi wa duk wanda ya biya aiki. A labarin, wannan yaƙin ne ya hana su haɗa kai su afka wa duniyar mutane.

Shin bambancin yana da amfani a kan tebur? Ƙwarai kuwa. Idan mai jan labari ya ce an ga ƙauye a ƙone ba a bar ko kaza ba, yaran sun san dimon ne, sai a zare takobi. Idan kuwa ya ce hakimin gari ya yi arziki dare ɗaya, 'yarsa kuma ta ɓace, to sai a nemo takardar da ya sa wa hannu, a zauna a yi ta tankaɗe da rairaya ko za a sami ɓaraka a cikinta. Na sha ganin yara 'yan shekara goma sha huɗu sun shafe awa guda suna gardama a kan jimla ɗaya, yaran da malamansu ke kukan ba sa son karatu. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023 ma a kan wannan ya gina Raphael, debil mai ladabi da daɗin baki.

Fargabar Baba ba sabuwa ba ce, Amurkawa sun riga mu. A 1982 wani matashi a jihar Virginia ya kashe kansa, mahaifiyarsa Patricia Pulling ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai ƙara kotu ta yi watsi da ita, ta kuma kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983. Shirin talabijin na 60 Minutes ya ɗauki maganar a 1985. Matsin ya kai ga lokacin da TSR ya fitar da bugu na biyu a 1989 ya cire sunayen biyu gaba ɗaya. Daga baya halittun suka dawo da sababbin sunaye, tanar'ri da baatezu, wato an canja wa tuwo suna. Sai a 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, aka mayar da sunayen asali.

Hukuncin halasci ko haramci na malamanmu ne, ba na shugaban matasa ba. Abin da idona ya gani shi ne, a teburinmu waɗannan halittu abokan gaba ne da ake yaƙa, kuma babu abin da ake karantawa sai lambobi da dokokin wasa. Sai dai ba zan ɓoye ba, dokar ta ba mai wasa damar ɗaukar jarumin da ya sami ƙarfinsa ta hanyar yarjejeniya da irin waɗannan. Mu a zaurenmu mun hana wannan, kuma idan lokacin salla ya yi ana rufe littafi.

Da na kai wa Baba wannan bayani ya yi shiru, sa'annan ya ce, "To shi mai takardar, yaya ake kuɓuta daga hannunsa?" Na ce sai dai ya zo ya gani. Ya ce zai zo Asabar bayan La'asar, amma littafin zai ci gaba da zama a wurinsa tukuna.