Ko Kun Sani? Ƙaramin Rauni Na Iya Cin Ƙafa

Ko kun san cewa faso ko sukar ƙaya na iya raba mutum da ƙafarsa idan jini ba ya gudana sosai a cikinta? Jini ne ke kai abinci da sojojin jiki da maganin da aka sha zuwa wurin ciwo. Idan jijiyoyi suka tsuke, kamar yadda ciwon suga da shan taba ke jawowa, sai ƙwayoyin cuta su samu gindin zama: rauni ya zama gyambo, cutar ta kai ƙashi, nama ya ruɓe, ko ta bazu cikin jini.

Wani bincike a asibitoci shida na Najeriya, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya bibiyi masu ciwon suga 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa daga 2016 zuwa 2017. Sama da kashi ɗaya bisa uku an yanke musu ƙafa ko sashenta, kimanin ɗaya cikin biyar kuma suka rasu.

Masu suga su riƙa duba ƙafafunsu kullum. Da an ga kumburi, zafi ko baƙi, a garzaya asibiti.