Baƙin da ido ke gani, da baƙin da raga ke so

Tsakanin Naif da Sabkha da dandalin Baniyas a unguwar Deira, Bahaushe ba ya ɓata, domin Hausa na tashi a ofisoshin kago da ƙofar otal-otal kamar kana Kantin Kwari. Tun da aka ɗage wa 'yan Najeriya takunkumin biza a watan Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya koma zirga-zirgar Legas a ranar 1 ga Oktoba, sautu ya dawo. Ni nawa sautun daga ƙanina ya zo, mai shagon buga riguna da bajojin makaranta a Kano. Saƙon murya ya aiko: “Yaya, don Allah ka taho mini da katan na tawadar fim, baƙa wuluk, 'yar Dubai ta asali, mai figimen. An ce ita kaɗai ke aiki.” A numfashi ɗaya ya jero jita-jita uku. Akwai gaskiya a cikinsu, amma sai an sheƙe ta.

Ga wanda bai san sana'ar buga sikirin ba, ga yadda take. Ana shafa wa raga wani sinadari mai suna imolshan, a bar shi ya bushe a duhu. Sai a buga zanen da baƙar tawada a kan fim mai barin haske ya wuce, a manna shi a jikin ragar, a haska, ko da fitila ko da rana. Inda haske ya taɓa, imolshan ya daskare. Inda baƙi ya kare, yana nan da taushinsa, ruwa ya wanke shi, ramin ya buɗe, fenti ya bi ta nan ya sauka a riga. Aikin tawadar fim ke nan gaba ɗaya: ta yi inuwa.

To amma inuwa daga wane haske? A nan maganar “baƙa wuluk” ke tuntuɓe. Imolshan bai damu da mafi yawan hasken da ido ke gani ba. Abin da ke daskarar da shi hasken UV ne da ɗan abin da ke maƙwabtaka da shi, wajen nanomita 350 zuwa 420. Tawada na iya yin baƙi ƙirin a ido, UV kuma ya ratsa ta kamar iska a asabari. Tsofaffin masu sana'ar sun san haka tun kafin zuwan kwamfuta: da wani jan fim mai suna Rubylith, na kamfanin Ulano, suke yanka zane da wuƙa. Ja ne, kana hango yatsunka ta bayansa, amma a wurin imolshan duhu ne ɗuɗɗum. Saboda haka mai shagon da ya ɗiga maka tawada a farar takarda yana cewa “dubi baƙi”, bai yi maka ƙarya ba, bai kuma nuna maka komai ba.

Abin da ake aunawa shi ne kaurin duhu, wanda ake rubuta wa Dmax a jikin kwalba, lissafinsa kuwa ninkin goma-goma ne. Duhu mai lamba 2 yana barin kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ya wuce, mai lamba 3 ɗaya cikin dubu, mai lamba 4 ɗaya cikin dubu goma. Aikin sikirin yana son daga 3 zuwa sama, musamman in akwai siraran layuka ko ɗige-ɗigen hoto. Sai dai lambar da aka buga a kwalba ba ta tawadar ba ce ita kaɗai. An same ta ne a kan wani fim, da wata firinta, da wani saiti. Canja ɗaya daga cikinsu, lambar ta tafi.

Sai batun figimen, wanda aka fi cacar baki a kansa. Tawadar firinta iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke a ruwa kamar zoɓo. Akwai ta figimen, wadda ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a cikin ruwan, tamkar tawadar allo da almajirai ke haɗawa da gawayi da ƙaro. Baƙar figimen ma ƙwayoyin kabon ce, dangin gawayin. Gaskiya ne kabon yana tare UV da kyau, gaskiya ne kuma figimen ya fi jure ruwa da rana. Cewa shi kaɗai ke aiki, wannan ba haka ba ne. Da yawa daga cikin tawadojin da aka haɗa musamman don fim na rini ne, an ƙara musu sinadarin da ke shanye UV, suna nutsewa cikin shafin fim ɗin su kwanta sumul. Figimen kuwa yana da nasa hali. In aka buga shi a kan fim ɗin da ba nasa ba, ba ya bushewa da wuri, farce na kankare shi. Fim mai ƙananan ramuka yake so, wanda ake ce wa wotafuruf, mai ɗan hazo kamar ruwan madara. Kuma kamar yadda tawadar allo ke kwanciya a gindin kurtu, haka yake kwanciya a bututu in firinta ta yi kwanaki ba aiki. Haɗa wannan da bushewar hunturun Kano, ka ga dalilin da ya sa kan firinta ke toshewa. Mai firinta L1800 ko L1300 ta Epson ya tuna da tawadar rini suka zo. Zuba figimen a kan ragowarta ba tare da wanke bututu ba neman asara ne.

Tambayar da ya kamata a fara yi ma ita ce: wace firinta? Kan Epson da motsin wani ɗan ƙaramin kiristal yake tura ɗigo, na Canon da HP irin na gida da ƙaramin ofis kuwa da zafi suke tafasa tawadar ta fito. Abin da aka haɗa don ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba.

“'Yar Dubai ta asali” kuwa, na yi dariya a raina. Deira zango ce ta fatake: kaya na shigowa ta tashar Jebel Ali, a sauke, a sake ɗaure su zuwa Afirka. A shagunan da na leƙa, kowace kwalba na juya sai in ga sunan wata ƙasar. Sayen ta a Dubai bai ƙara mata duhu ba. Abin da Dubai ke iya ƙara mata shi ne zafi, domin a tsakiyar shekara ana wuce digiri 40, tawada kuwa ba ta son zaman sito mai zafi ko kwantena. A wani shago an miƙo mini kwalbar lita guda mai araha ƙwarai, ba ranar haɗawa, ba ranar lalacewa, marfin kuma ba hatimi. Na ajiye ta na yi godiya. Wanda zai saya ya duba kwanan wata, ya kuma sani ba a shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu.

An ce wai tawadar sabilimeshan ma tana yi, tunda tana da araha kuma tana ko'ina. Ba ta yi. Launinta ba ya fitowa sai ta sha zafin wajen digiri 200, a kan fim kodaɗɗiya take.

Akwai maganganu biyu da na ɗauka ƙarya ne, ashe suna da tushe. Ta farko, cika duk tankunan firinta da baƙi. Ana yi, kuma yana ƙara duhu, yana kuma hana sauran layukan bushewa don rashin aiki. Amma yana buƙatar manhajar RIP, irin su AccuRIP, wadda ke gaya wa kowane layi yawan abin da zai zuba. In babu ita, tawada na iya ambaliya, layi ya kumbura, ƙananan haruffa su haɗe, kuma firintar ta daina aikin launi ke nan. Ta biyu, ɗora fim biyu a kan juna. Lissafi ya yarda: duhu 2 da duhu 2 sun zama 4. Ga manyan haruffa na rigar kamfe yana fitar da mutum kunya. Ga ƙaramin rubutun bajo, ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya ɓata gefe.

Abin da ya fi ba ni haushi, sau da yawa tawadar ba ta da laifi. Firinta na kan saitin takarda gama-gari, tana tsimin tawada. A mayar da ita saitin takardar hoto mafi inganci, sai duhu ya ƙaru ba a sayi komai ba. Wani kuma a bayan fim yake bugawa. Ka ɗan jiƙa yatsa ka taɓa kusurwa: gefen da ya yi danƙo shi ne fuska, shi ne kuma zai kalli imolshan lokacin haskawa.

Haska tocilar waya ta bayan fim yana nuna ramuka da zirin da kan firinta ya tsallake, iyakarsa ke nan. Gwajin gaske a raga ake yi. A buga baƙin murabba'i, a ajiye tsaba a gefensa, a haska tare na lokacin da aka saba. In gurbin tsabar ya wanke nan take, na tawadar kuma sai da gurza, haske ya ratsa.

Na biya dirhami ɗaya na hau kwale-kwalen abra na tsallaka zuwa Bur Dubai, titin Khalid bin Al Waleed inda masu kayan kwamfuta suke, na sayi ƙananan kwalabe biyu, ta rini da ta figimen, da 'yan fallayen fim iri biyu. Katan ɗin da ƙanina ya so bai samu ba a wannan zuwan. A cikin ledar na jefa masa dirhami ɗaya na canjin da ya rage, na ce ya ɗora shi a kan raga ranar gwaji.